Ƙusa da Injin da Ya Ƙi Shiga Ƙofa

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma, wanda ke gida da wanda ke uwa duniya.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe biyu da kwata na rana, labarin rasuwarki ya same ni. Ina tsaye a babban ɗakin jarrabawa, ɗalibai ɗari da ashirin sun sunkuya a kan takardunsu, ba a jima da farawa ba. Wayata ta motsa a aljihu. Maigidanki ne ya rubuto, layi biyu kacal: "Allah Ya yi mata rasuwa ɗazu a asibiti. Ku yafe mata." Malamin da aka haɗa mu tsaron jarrabawar bai zo ba, doka kuma ba ta yarda a bar ɗalibai su kaɗai ba. Haka na yi kusan sa'a uku ina zagaya layuka, ina miƙa ƙarin takarda ga mai buƙata, ina sanar da sauran lokaci da muryar da ban san tawa ba ce. Tambaya ta uku a jarrabawar ke kika tsara ta. Ina kallo suna ta fama da ita, suna cizon biro, ba wanda ya san mai tambayar ta riga mu gidan gaskiya. Sai da na tattara takardu, na ƙirga, na kulle su a ofis, sannan na samu damar zama na yi kuka.

Ƙusa, ƙawata, 'yar uwata. Da wannan suna muka san ki shekara ashirin da bakwai, da shi kuma zan kira ki yau. Wani ɗan ajinmu ne ya laƙaba miki shi saboda sirantarki, amma malamai suka karɓe shi don wani dalili dabam: in kika kafe a kan tambaya, sai an sa filaya kafin a cire ki.

Mu biyu ne mata a aji na mutum sittin da uku, a sashen ƙere-ƙeren injuna. Ranar farko a ɗakin gwaji aka ce kowa ya sa takalmin aiki. Mafi ƙanƙanta a sito lamba arba'in da uku ne. Muka cusa tsohuwar jarida a ciki, muna tafe suna ƙwas-ƙwas, maza na ta dariya. Ni na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ke kuwa kika ɗaga ƙafa kika ce ai mun fi su, mu har a tafin ƙafa muna da labarai. A kusurwar ɗakin akwai injin gwada ƙarfin ƙarfe, wanda ke jan sandar ƙarfe har ta tsinke a ga iya abin da za ta ɗauka. Ya mutu tun kafin mu shigo jami'ar. Don haka a allo muka koyi gwajin. Malam zai zana layi da alli ya ce, "A nan ƙarfen zai tsinke," sai Baba Mai Makulli, ma'aikacin da ke kula da ɗakin, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi don mu ji yadda ƙarar take. Muka gama digiri ba mu taɓa ganin ƙarfe ya tsinke ba.

Da muka gama kika samu gurbin ƙaro karatu a waje, kika tafi. Ni sashe ya riƙe ni in koyar. Na ce shekara biyu zan yi in biyo ki. Sai mahaifina ya kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki, sai aure, sai yara, sai malaman da muka tarar suka yi ta barin aiki ɗaya bayan ɗaya har darasi uku suka dawo kaina ni kaɗai. In na tafi, ba mai koyar da su. Shekara ashirin da biyu ke nan ina ofis ɗaya, tagata na kallon bangon ɗakin janareta. Ba zan ɓoye miki ba tunda yau ranar faɗin gaskiya ce: na daɗe ina jin haushinku, ku da kuka tafi. In kuka aiko hotuna a dandalin 'yan ajinmu, cikin manyan riguna na sanyi, a gaban masana'antu masu ƙyalli, sai in kife wayar. Ina ganin ku kun samu sarari, mu an rufe ƙofa da mu a ciki.

Ban san ke ma an rufe da ke ba, sai shekara tara da suka wuce, da ƙodarki biyu suka daina aiki. Daga nan rayuwarki ta koma Litinin, Laraba, Juma'a: sa'a huɗu a kan kujerar wankin ƙoda, allura biyu a hannun hagu. Aka sa sunanki a jerin masu jiran dashe, aka ce kada ki yi nisan da ya wuce tafiyar sa'a biyu daga asibiti, domin ba a san ranar da za a kira ki ba. Ruwan sha ma da awo ake ba ki. Kin taɓa ce min kina mafarkin kin tsaya a famfon bayan ɗakin gwaji kina sha da tafin hannu har cikinki ya cika. Kika yi dariya bayan kin faɗa, ni ban iya yi ba.

Mutane da yawa in ciwo irin wannan ya same su sai duniyarsu ta tsuke. Ke a lokacin ne kika juyo da fuskarki gida. Kika tattaro tsofaffin ɗaliban sashenmu da ke warwatse a ƙasashe, kika kafa musu ƙungiya. Na ji labarin taronku na farko daga bakin waɗanda suka halarta. Wasu suna so a gina babbar ƙofar shiga jami'a a rubuta sunayensu a kai. Wani ya ce a sayi motar bas a fenta ta. Kika bari kowa ya gama, sannan kika tambaya ko a cikinsu akwai wanda ya kira sashen ya ji abin da suke buƙata. Ba wanda ya kira. Washegari kika kira ni. Na amsa miki a daƙile, na ce in tsofaffin kwamfutocin da kuka gaji da su za ku jibgo mana, muna da ɗaki guda cike da su. Kika ce, "Malama, sauke fushin, ɗauko biro. Me ya mutu, me ya rage?"

Abu na farko da ya iso kwali ne guda biyu: takalman aiki na mata, daga lamba talatin da shida zuwa arba'in. Yanzu muna da ɗalibai mata goma sha tara. Ba ɗaya a cikinsu da ta san dalilin da ya sa na shige ofis na rufe ƙofa ranar da aka buɗe kwalayen. Bayan haka littattafai suka zo, da kayan awo, da na'urar nuna hoto a bango. Kika sa tsofaffin ɗalibai bakwai suna koyar da darasi ta bidiyo, kowa da ranarsa. Ke kika ɗauki Laraba, domin, in ji ki, tunda dole sai kin zauna sa'a huɗu ba motsi, gara zaman ya yi amfani. Safiyarki ita ce la'asar ɗinmu. Ɗalibai suna ganin fuskarki a bango daga wuya zuwa sama, kin yafa gyale. Sai da aka yi shekara guda kafin su gane ƙarar da suke ji a bayan muryarki ta na'urar asibiti ce.

Sai maganar injin. Masana'antar da kika yi wa aiki shekara takwas kafin ciwo ya zaunar da ke za ta sauya kayan aiki, kika bi shugabanninta da naci har suka bar mana injin gwada ƙarfin ƙarfe, lafiyayye, wanda ke da kanki kika yi aiki da shi. A lokacin hukumar da ke tantance darussan jami'o'i ta riga ta yi mana gargaɗi: in suka dawo ba su tarar da injin gwaji mai aiki ba, za a hana mu ɗaukar sabbin ɗalibai. Kafin a ɗoro shi a jirgin ruwa kika tambaye ni sau biyu, "Kin auna ƙofar?" Na ce na auna. Ban auna ba, Ƙusa. Tsohon zanen ginin na buɗe na kwafo miki lambar da ke ciki, domin ranar ina da aji uku da taron sashe. Na manta cewa bayan wata sata da aka yi shekarun baya an ƙara ƙofar ƙarfe da ginshiƙan siminti, faɗin ya ragu.

Inci huɗu. Da inci huɗu injin ya fi ƙofar. Motar ɗaga kaya ta ajiye akwatin a baranda ta tafi. Na rubuta wa ofishin ayyuka a ba mu izinin fasa bango. Suka ce ginin tsoho ne, sai kwamitin gine-gine ya zauna. Kwamiti ya ce sai an kawo rahoton injiniya daga waje, a jami'ar da ke yaye injiniyoyi. Rahoton ya zo, shugaban kwamitin ya tafi hutun shekara. Damina ta shigo. Ni da Baba Mai Makulli muka lulluɓe akwatin da tamfal, muka danne da bulo. Kullum ta gefensa nake wucewa in shiga aji, ɗalibai har sun mai da shi wurin jingina. Duk lokacin da kika tambaya sai in ce, "Ana nan ana haɗawa." Wata bakwai ina faɗa miki haka. Kowace ƙarya ta ƙara ɗaure ni, har na kai in na ga kiranki gabana ya faɗi.

Wata Laraba kika gama darasi kika ce wa ɗalibai, "Gobe ku je ku gwada sanda uku a injin, ku kawo min sakamako." Mutum sittin, ba wanda ya ɗaga kai. Ina tsaye a gefe, ina ganin fuskarki a bango tana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kika sallame su. Ba a yi minti biyar ba wayata ta yi ƙara.

"Malama, fita baranda ki juya min wayar."

Na fita, na juya. Kika daɗe kina kallon tamfal ɗin da ruwan da ya kwanta a kansa. Na faɗa miki komai, har da zanen ginin. Na jira faɗa, na san na cancanta. Sai kika ce, "Wata bakwai kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Ai ke kika fi injin shan wahala. Ba ni Baba."

Baba ya karɓi wayar da hannu biyu, kamar yadda yake karɓar duk abin da bai yarda da shi ba. Kika gaishe shi yadda kika saba tun muna ɗalibai, kika tambaye shi gwiwarsa, sannan kika ce, "Baba, in ba za su fasa bango ba, mu za mu warware injin mu shigar da shi gunduwa-gunduwa." Ya ce, "'Yata, ban taɓa ganin cikinsa ba." Kika ce, "Ni na gani. Kai ne hannuna."

Mako uku muka yi, Litinin, Laraba, Juma'a, daidai lokacin da kike kan kujera. Na jingina wayar a kan kujerar aji, Baba da wasu ma'aikata biyu suna riƙe da sifana, ke kina faɗin wane noti za a kwance, wanne za a bari, wane bututun mai za a toshe da tsumma mai tsabta. Kowane yanki sai kin sa na rubuta masa lamba da fenti. In Baba ya yi gaggawa ki ce, "Baba, ba jirgi za mu kama ba." Shi kuma ya ce tun kina 'yar aji ɗaya bakinki bai huta ba.

Rana ta shida ce ba zan manta ba. Mun ɗaga kan injin da sarƙa, ƙarfe mai nauyin mutum goma, yana lilo a sama tsakanin ginshiƙai biyu. Kika ce, "Ku tsaya, kada kowa ya taɓa na hagun sai na..." Maganar ba ta ƙarasa ba. Hoton ya karkace, muka koma ganin rufin asibiti da fitila fara. Muna jin takun ƙafafu, na'ura na ta ƙara, wata mata na kiran sunanki da ƙarfi cikin harshensu. Ba mu san abin da za ki ce game da ginshiƙin hagun ba. Ba mu isa mu sauke ba, ba mu isa mu ƙara ɗagawa ba. Baba ya riƙe sarƙar, gumi na ɗiga daga gemunsa, bakinsa na motsi da addu'a. Ni ina durƙushe gaban waya ina kiran ki, na san ba kya ji. Minti arba'in muka yi a haka. Sai hoton ya motsa, fuskarki ta dawo, ta yi fari fat, leɓɓanki sun bushe. Jininki ne ya sauka. Abin da kika fara cewa shi ne, "Na hagun akwai ƙaramin fil a ƙasansa, ku zare shi tukuna." Na ce mu bari sai wani makon. Kika ce, "Ki bar shi a rataye har wani makon? Wa ya koya miki aiki?"

Ranar da muka gama haɗawa a cikin ɗaki, muka sa sandar farko. Injin ya ja, sandar ta miƙe, ta sirance a tsakiya, ta tsinke da ƙarar da ta sa ɗalibai suka zabura. Baba ya kalli tafin hannunsa ya ce, "Ashe shekara talatin ƙarya nake musu, ƙarar ba haka take ba." Kika yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta zo ta tsawata miki. Bayan wata biyu masu tantancewa suka zo, suka gani, suka sa hannu. Sashen yana nan a buɗe. Izinin fasa bangon kuwa ya fito bara, yana cikin durowata.

Ba ki taɓa gaya wa 'yan ƙungiya abin da ya jawo jinkirin ba. Da suka matsa a taro, kika ce kuskuren awo ne daga ɓangarenki. Wannan ma sai bayan rasuwarki na ji. Shi ya sa na rubuta shi a nan, kowa ya karanta: kuskuren nawa ne, ƙaryar ma tawa ce.

Mun so mu ga juna. Sau biyu ina neman izinin shiga ƙasar da kike, sau biyu ana mayar min da takarduna, wai ba su gamsu zan dawo gida ba. Da na karanta miki wasiƙar kika ce, "Ke? Da sun san ki, da sun san ko korar ki aka yi daga wannan ofis ta taga za ki dawo." Ke ma kin yi ta lissafin zuwa: in an yi dashe, in jiki ya karɓa, in likita ya yarda, mako biyu kacal. Har kin ce in tanadar miki takalmi lamba talatin da bakwai. An kira ki sau ɗaya, shekara biyu da suka wuce, ke da maigidanki kuka isa asibiti da jaka, aka ce ƙodar ba ta dace da ke ba, kuka koma gida. Washegari Laraba ce, kika shigo aji kamar ba abin da ya faru. Ba a sake kira ba har zuciyarki ta gaji.

A can aka yi miki sutura. Ban ga makwancinki ba, ban kuma san ko zan gani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya yi shekara tara yana kai ki yana ɗauko ki ba mu taɓa jin ƙorafinsa ba; ga 'ya'yanki biyu, da suka tashi suna yin aikin makaranta a ɗakin jiran asibiti; ga ƙannenki; ga 'yan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, waɗanda nake roƙo kada su watse; ga Baba, wanda da na faɗa masa sai ya zauna a kan benci ya cire hularsa.

Ta'aziyya mafi nauyi ta Inna ce, mahaifiyarki. Tsufa ya hana ta doguwar tafiya, ciwo ya hana ki, shekara goma sha ɗaya rabon da ta taɓa jikinki. Na je gaishe ta, kwana uku bayan haka sai ga ta ƙaninki ya kawo ta jami'a, tana dogara sanda. Ta ce a kai ta inda kike koyarwa. Na kai ta ajin, na zaunar da ita a layin gaba, na nuna mata farin bangon da fuskarki ke fitowa. Ta tambaye ni sau nawa. Na ce kowace Laraba, sa'a biyu, shekara shida. Ta jinjina kai. Ta ce ita in kun yi waya ba kya yarda ki kunna hoto, kullum sai ki ce layi ba kyau, ta kuma san don kada ta ga yadda kika rame ne. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce, "Ashe ku kun fi ni ganinta. To ku ba ni labari, 'yata, yaya fuskarta take?" Na zauna kusa da ita na faɗa mata iya abin da na iya.

Ya Allah, baiwarKa ce ta zo gare Ka bayan doguwar jinya. Ka sa ciwon ya zama kaffara gare ta, Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka haskaka makwancinta, Ka yalwata shi, Ka sa ilimin da ta bari ya riƙa isa gare ta. Ka raya 'ya'yanta a kan alheri, Ka ba maigidanta da 'yan uwanta haƙurin rashi. Ka sanyaya zuciyar Inna, Ka haɗa ta da 'yarta a Aljanna, ta gan ta ido da ido cikin ƙoshin lafiya. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Na yafe miki, Ƙusa, ko da yake ban san abin da zan yafe ba. Ke ma na san kin yafe min. Allah Ya jiƙan ki. Amin.